Hoton Allon Shago Ba Shaida Ba Ne: Yadda Ake Binciken Takardun Shago A Makka

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi, a Kano ne ko Katsina ko Maraɗi, ya taɓa ganin irin hoton nan: wani ɗan uwa tsaye a ƙofar shago a Makka, sanye da farar jallabiya, a saman kansa ga allo mai fitila an rubuta suna da Larabci. Sai saƙon murya ya biyo baya: "Alhamdu lillahi an buɗe, jari kawai ya rage, mai so ya shigo a yi da shi." Kafin la'asar an fara tambayar lambar asusu.

Ba ina cewa duk mai turo irin wannan hoto macuci ba ne. Akwai bayin Allah a nan da ke fama da gaske, suna buɗe shago tun bayan sallar asuba, ba sa rufewa sai dare ya raba, kuma suna aika wa kowa haƙƙinsa. Sai dai ni da kai ma za mu iya tsayawa ƙarƙashin allon kowane shago a Titin Ibrahimul Khalil a ɗauke mu. Abin da ke faɗin wane ne mai shago, me aka yarje masa ya sayar, kuma yaushe izininsa zai ƙare, yana rubuce a kundin hukumar birni. Mafi yawansa kuwa ba sai ka san kowa ba kafin ka gani.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗaya daga cikin asibitocin garin nan. Tunda ina da igama kuma ina karanta Larabci, sai na zama 'yar aiken mutanen unguwarmu ta gida: yau a ce in dubo shagon wane, gobe ofishin wane. Abin da na koya a wannan zirga-zirga nake so in shimfiɗa, domin na gida su san abin da za su tambaya, na nan kuma su san inda za su duba.

Allon ma sai da izini

A Saudiyya mutum ba ya wayar gari kawai ya kira mai fenti ya rubuta masa suna a saman ƙofa, kamar yadda muka saba gani a kasuwanninmu. Hukumar da ke kula da birnin Makka ita ce Amanatul Asimatil Muƙaddasa, wadda mutanenmu ke ce wa Amana, ko su ce baladiyya kawai. Tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin birane da gidaje, kuma tana da rassa a sassan gari: Ajyad, Misfala, Utaibiyya, Ma'abda, Aziziyya, Shauƙiyya, Shara'i da sauransu. Kowane shago yana hannun reshen da unguwarsa ta faɗa.

Ana neman lasisin shago ne ta dandalin intanet na ma'aikatar mai suna Balady, wanda yake da manhaja a waya. Kafin a ba mutum, sai yana da rajistar kasuwanci daga Ma'aikatar Ciniki, wato abin da ake kira sijil tijari, da takardar mallakar wurin ko ta haya. Ita hayar ana rajistarta a wani dandalin daban mai suna Ejar. Wasu sana'o'in kuma sai jami'an Difa'ul Madani, masu kula da kashe gobara, sun amince da wurin.

A jikin lasisin za ka ga sunan kamfani ko mu'assasar da ke da shagon, da irin sana'ar, da unguwa da titi, da faɗin wurin, da ranar da aka bayar da ranar da zai ƙare. Shi kansa allon, wanda suke kira lauha, yana ciki: irinsa da girmansa, domin a kan girmansa ake lissafa kuɗin da za a biya masa. Ke nan izinin allo wani ɓangare ne na lasisin shago, kuma sunan da ke jikinsa ya kamata ya dace da wanda ke rajista.

A 'yan shekarun nan hukumomin birane sun matsa lamba a kan abin da suke kira tashawwuh basari, wato duk abin da ke ɓata kyan gari a ido: allunan da suka karye, da waɗanda girmansu ya wuce ƙa'ida, da takardun tallar da ake liƙawa a bango da turakun lantarki. Masu sa ido na baladiyya suna zagayawa suna rubuta tara. Saboda haka in ka ga shago a bakin babban titi allonsa yana haske, da wuya a ce ba shi da lasisi. Tambayar da ta shafi mai zuba kuɗi ita ce: lasisin da sunan wa?

Lambobi biyu da tambari ɗaya

Abu na farko, ka buɗa hoton da aka turo maka da yatsu biyu ka duba gefen allon. A shaguna da yawa za ka ga haruffan Larabci biyu, sin da ta, sai lamba mai alƙaluma goma a gabansu. Lambar sijil ke nan. Tsofaffin rajistocin da aka yi a Makka suna farawa da 4031, na Jidda da 4030, na Madina da 4650, na Riyad kuma da 1010. In an ce maka shago a Makka yake amma ka ga 4030, wannan bai tabbatar da cuta ba, domin kamfanin Jidda yana iya yin ciniki a Makka, amma ya isa ya sa ka yi tambaya. Daga watan Afrilun 2025 sabuwar dokar rajistar kasuwanci ta fara aiki: rajista ɗaya ta wadatar wa ɗan kasuwa a duk faɗin ƙasar, an daina buɗe wa rassa rajistarsu daban, an kuma ba masu tsofaffin shekara biyar su daidaita. Don haka yanzu za ka riƙa cin karo da lambar bai-ɗaya wadda ke farawa da 7. Ko wacce ka samu, ana iya sa ta a shafin Ma'aikatar Ciniki a ga sunan da ke kanta, da sana'ar da aka rubuta, da ko rajistar tana aiki ko an dakatar da ita ko an soke ta.

Na biyu ita ce lambar lasisin baladiyya. Wannan sai ka tambayi mai shagon, domin ba kasafai take jikin allo ba. Dandalin Balady yana da wurin da ake sa lambar a ga ko lasisin na gaske ne kuma bai ƙare ba.

Na uku, kuma mafi sauƙi ga wanda ke cikin gari, shi ne ɗan tambarin nan mai zanen baƙi da fari da ake haskawa da waya, wato lambar QR. Yawancin shaguna suna liƙa shi a gilashin ƙofa ko kusa da wurin biyan kuɗi. An sa shi ne domin kowa ya duba, daga jami'i har mai saye. Kana haska shi bayanan rajista da lasisin wurin za su fito maka a waya. Ba ka shiga ofis ba, ba ka roƙi kowa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasu ƙofofin intanet ɗin suna neman a shiga ta Nafath, tsarin tantance mutum da ke ɗaure da katin ɗan ƙasa ko igama. Wanda ke zaune a Funtuwa ko Damagaram ba shi da wannan. Dole ya nemi wani a nan ya duba masa, kuma ya kamata wanda zai aika ya zama ba shi da ko sisi a cikin cinikin.

Rabin shagon dabino

Bara bayan Hajji wata dattijuwa, maƙwabciyar mahaifiyata a Katsina, ta kira ni. Mijinta ya rasu, ta sayar da filin da ta gada, ta danƙa wa ɗan wan mijin kuɗin a kan an sa ta rabin wani shagon dabino da tsarabar alhazai a Misfala. Shekarar farko an turo mata riba sau biyu, bayan azumi da bayan Hajji. Daga nan sai shiru.

"'Yar nan," in ji ta, "ni ba rigima nake nema ba. Ki dai je ki gano mini ko shagon yana nan. Ga hoton na sa an turo miki, har sunan marigayi aka sa a sama."

Sunan da ke jikin allon kuwa ya zo daidai da na marigayin, sai dai suna ne da ya cika ƙasashen Musulmi, daga Katsina har Hijaz. Ranar da na sauka daga aikin dare na bi ta can. Shagon yana nan, maƙil da kaya: ajwa, sukkari, safawi, tasbaha, dardumar salla, turare. Yaron ma yana ciki. Muka gaisa, na sayi dabino rabin kilo, na haska tambarin da ke ƙofa. Lasisi yana aiki, sana'ar da aka rubuta ita ce ake yi. Amma mu'assasar ta wani ɗan ƙasa ce, sunan da ke allo sunan kasuwancinsa ne, kuma rajistar ta girmi ranar da aka turo kuɗin da shekaru.

Da na nuna masa wayar, bai yi musu ba.

"Anti, wallahi ban ci kuɗin Inna ba. Kaya na zuba da su. Mun yi magana da kafilina, duk wata ina ba shi nasa, sauran namu ne. Bana ya ƙara abin da yake karɓa, haya ma ta tashi."

"To akwai takarda tsakaninku?"

"Wace takarda kuma, Anti? Ai in aka rubuta mun kama kanmu."

Na yarda bai yi niyyar cuta ba. Amma a kundin hukuma shi ma'aikaci ne mai albashi, ita kuwa Inna babu ita sam. Ranar da kafilin ya ga dama ya sauya makulli, kaya da allo da kuɗin da ke asusu duk nasa ne a takarda. Na faɗa mata abin da na gani ba ragi ba ƙari. Manyan gidan suka zauna, aka mayar da abin bashi, aka rubuta da shaidu, yaron yana biya kaɗan-kaɗan. Ta dace da yaro mai kunya da dangi masu tsayawa. Wasu ba sa samun ko ɗaya.

Abin da doka ke kira tasattur

Wannan tsari da yaron ya bayyana, inda baƙo ke juya kasuwanci don kansa da sunan ɗan ƙasa yana biyansa wani abu duk wata, shi ake kira tasattur, kuma laifi ne babba a nan. Sabuwar dokar yaƙi da shi ta fito a watan Agustan 2020. Hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, ga ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar, ga rufe wurin, baƙon kuma a fitar da shi daga ƙasar. An ba da wa'adin gyara ga masu son su fito fili su daidaita lamarinsu, wa'adin ya ƙare ranar 16 ga Fabrairun 2022. Dokar ta kuma tanadi lada ga wanda ya kai rahoto, har kashi 30 cikin ɗari na tarar da aka karɓa. Ma'ana, ko maƙwabcin shago da kuka saɓa yana da dalilin ɗaga waya.

Baƙon da ke son kasuwanci da sunansa yana da hanyarsa ta halal, ta Ma'aikatar Zuba Jari, amma sharuɗɗanta ba na mai ɗan shagon tasbaha ba ne. Shi ya sa in ɗan uwanka mai igamar direba ko lebura ya ce maka ya buɗe shagonsa na kansa, sai ka nemi ƙarin bayani.

A nan dole a bambance. Hausawa ba jiya suka zo Makka ba. Tun zamanin da ake tafiyar Hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru, wasu suka zo suka zauna, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Jikokinsu da yawa 'yan ƙasa ne cikakku, su ne za ka ji sunayensu sun ƙare da Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Irin wannan ɗan uwa yana da damar mallakar shago da sunansa, kuma in ka bincika sunansa za ka gani. To amma ko a nan, sunansa ne a rajista, ba naka ba. In kuɗin da ka ba shi bashi ne, a kira shi bashi, a rubuta adadi da lokaci, a sa shaidu, kamar yadda ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta umarta. Kunyar neman takarda a wurin ɗan uwa ta ci dukiyar marayu da zawarawa da yawa.

In tsohon bayani kake nema

Tambarin ƙofa yana gaya maka halin da ake ciki yau ne kawai. Wani lokaci kuwa abin da ake nema na baya ne: shin an taɓa ba da lasisin shago a wannan gini shekara huɗu da ta wuce? Yaushe aka soke shi? Wannan tambaya tana da nauyi a Makka fiye da yawancin garuruwa, domin gari ne da ake rushewa ana sake ginawa ba tsayawa. Aikin Masar kaɗai, babbar hanyar nan da ta taso daga yammacin gari ta nufi Harami, ya ratsa ta yankunan Hindawiyya da Tandubawi da gefen Shara Mansur, inda mutanenmu suka daɗe da zama. Ana iya nuna maka hoton allon da ginin da ke ɗauke da shi ya zama fili tuntuni. Ana kuma iya ce maka "an rushe shagon, jari ya tafi" alhali shagon bai taɓa zama a layin da aka rushe ba.

Ga irin wannan akwai hanyar neman bayani a rubuce. A 2020 Ofishin Kula da Bayanai na Ƙasa, wanda ke ƙarƙashin hukumar SDAIA, ya fitar da tsarin 'yancin samun bayanai da ya hau kan hukumomin gwamnati. Tushensa shi ne bayanan hukuma da ba a killace ba kowa yana da damar nemansu, ba sai ya nuna yana da wani matsayi ko wata alaƙa da su ba. Ana cike fom a shafin hukumar da abin ya shafa. Ita kuma tana da kwana 30 ta amsa: ko ta bayar, ko ta ƙi tare da faɗin dalili, ko ta nemi ƙarin lokaci, ko ta nuna maka inda bayanin yake in an riga an wallafa shi. Ana iya neman ka biya kuɗin aikin. In an ƙi, kana da kwana goma na aiki ka ɗaukaka koke.

A lamarin Inna ba mu kai ga wannan mataki ba, tambarin ƙofa ya wadatar. Amma wanda zai rubuta, ga shawarata. Ya taƙaita tambayarsa a kan wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Ya sa adireshin ginin na ƙasa, wanda taƙaitaccensa haruffa huɗu ne da alƙaluma huɗu, domin "kusa da masallacin kwana, bayan mai shawarma" ba zai shiga kwamfuta ba. Ya faɗi reshen baladiyyar da wurin yake, ya sa lambar sijil ko ta lasisi in yana da ita, ya rubuta da Larabci, ya adana lambar buƙatar da za a ba shi.

Kada kuma ya sa ran za a ba shi komai. Tsarin ya ware abin da ya shafi tsaron ƙasa, da binciken laifi, da sirrin kasuwanci, da bayanan mutum na ƙashin kansa. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a watan Satumban 2023, don haka lambar katin mai shago da lambar wayarsa da adireshin gidansa ba abin da za a miƙa maka ba ne. Ka tambayi halin lasisin da ranakunsa da irin sana'ar, ka bar mutumin.

Ofishin Hajji da ɗakin ƙaho

Ba masu zuba jari kaɗai allo ke ruɗa ba. Lasisin baladiyya izinin buɗe ƙofa ne, bai maye gurbin izinin hukumar da ke kula da ita kanta sana'ar ba. Wurare biyu ne wannan bambanci yake iya zama na rai da mutuwa.

Na farko harkar Hajji. Ofishi yana iya samun allo mai hoton jirgi da lasisin hidimar tafiye-tafiye, amma ba shi da izinin Ma'aikatar Hajji da Umara na yi wa kowa Hajji. Bizar ziyara ba ta ba da damar yin Hajji, ko me mai ofis ya faɗa. Kujerun Najeriya suna bi ta NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin da ta ba lasisi, na Nijar kuma ta COHO. A Hajjin 2024 ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti ba wurin hutawa. Mu da ke asibiti mun san abin da bugun rana ke yi wa jiki: zufa ta ɗauke, hankali ya gushe, ƙoda ta tsaya, musamman ga tsoho mai ciwon suga ko hawan jini. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ta masu ɗauko mutane ko ba su masauki kuma har 100,000.

Na biyu wuraren magani. Ɗakin shan magani da kantin magani sai da lasisin Ma'aikatar Lafiya. Kowane likita da nas da mai haɗa magani yana da rajista a Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, ni ma da tawa nake aiki, kuma ana iya dubawa. Ƙaho, wanda ake kira hijama a nan, shi ma yana da cibiyar gwamnati mai ba masu yinsa izini. Mutanenmu suna son ƙaho, sunna ce kuma al'adarmu ce tun wajen wanzamai. Amma askar da aka tsaga wani da ita aka tsaga ka tana iya ɗauko maka ciwon hanta nau'in B ko C, wanda sau da yawa ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Kafin ka tuɓe riga, ka nemi ganin takardar ma'aikatar lafiya a bango, ka ga an ɓare sabbin kayan aiki a gabanka. Mai tambaya ko koke a kan harkar lafiya yana iya kiran 937.

Dubawa daban, kai ƙara daban

Haska tambari ko sa lamba a shafin ma'aikata bai jawo wa kowa komai ba. Kai ƙara kuwa wani abu ne. Lambar 940 ta koken baladiyya ce, 1900 kuma ta Ma'aikatar Ciniki. In ka ga abinci ya lalace, ko wurin magani ba izini, ko ofishin Hajjin bogi, ni a ganina kira wajibi ne, domin rayukan mutane ne. Amma in rigimar kuɗi ce tsakaninka da ɗan uwanka da ke juya shago da sunan kafili, ka san abin da kake tayarwa. Binciken tasattur in ya fara ba ya tsayawa inda kake so: ana iya ɗaure shi, a ƙwace kayan, a kai shi tarhil, kai kuma da sunanka ba ya ko'ina ka tashi a tutar babu. Ba ina cewa a rufa wa laifi asiri ba ne. Cewa nake kafin a ɗau matakin da ba ya komawa, a nemi shawarar lauya mai lasisi a nan, a kuma gwada zaman manya.

Sai kuma masu gaggawar hawa TikTok da Facebook. In kana cikin Saudiyya ka ɗora hoton shago ko na mutum kana kiransa ɓarawo, dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya hawa kanka da laifin ɓata suna, hukuncinsa har ɗaurin shekara ɗaya da tarar riyal 500,000, ko da kana ganin kai aka zalunta. Wanda kuma zamansa bai daidaita ba, kada a aike shi wannan bincike, a nemi mai igama.

Kafin kuɗi su bar hannunka

Wanda ke gida aka kawo masa tayin shago a Makka ko Madina ko Jidda, ya nemi abu huɗu tun kafin a yi maganar riba: hoton takardar sijil, hoton lasisin baladiyya da ranar ƙarewarsa a fili, hoton tambarin ƙofa daga kusa yadda zai hasku, da kuma sana'ar da aka rubuta a igamar mai tayin. Ya tura su ga wani daban a nan ya gwada su da abin da ke shafin hukuma. Duka aikin bai wuce rabin sa'a ba. Mai gaskiya zai turo, ko ya fito fili ya ce shagon na kafili ne, sai ka yanke shawara ido buɗe. In kuwa aka ce maka "haba, ba ka yarda da ni ba ke nan?" aka ƙi turowa, to ka riƙe kuɗinka.

Wannan ɗabi'a ta tambayar takarda a gida ma tana da wurin zama. Najeriya tana da dokar 'yancin samun bayanai tun ranar 28 ga Mayun 2011 da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, kuma kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa. Nijar ma ta yi tata a shekarar. Shafin hukumar CAC yana nuna ko kamfani yana da rajista. Mu da ke waje mun sha tura kuɗin fili da na shago gida a kan hoto kawai, don haka shawarar ta hau kanmu kamar yadda ta hau kan na gida.

Lokacin Umarar azumi da na Hajji ne irin waɗannan tayi suka fi yawa, domin a lokacin ne kowa ke jin labarin cinikin da ake yi a kewayen Harami. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyayenmu mata da ba sa karatun boko, don su aka fi zuwa wa da hoto. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da zumuncinmu, Ya ba na nan da na gida halal mai albarka.